Ranar da Kakana Ya Buɗe Gari

Ni kaɗai ce a cikin motar nan na taɓa zuwa inda za mu, kuma ni kaɗai ce kujerar kusa da ni take babu kowa. Ba ƙina suke yi ba, kada in ɗauki alhakinsu. Mun shiga shekara ta biyu muna aji ɗaya, amma rabinsu Nuria suke kirana, alhali Noelia aka raɗa mini. Na gaji da gyara musu, na koma amsawa.

Mun baro Madrid da safe, a ƙarshen Oktoba, mu 'yan ajin labarin ƙasa da malaminmu Gonzalo. Darasinsa a kan ƙauyukan da mutane suka watse suka bari ne, yana kuma son zancen kamar shi ya ƙirƙiro shi. Wata rana a aji ya tambaya ko akwai mai ɗan'uwa a irin waɗannan wurare. Tsautsayi ya sa na ɗaga hannu. Na ce kakana Saturio yana Valdemuro, can cikin tsaunukan Soria, kuma tun da 'ya'yan maƙwabciyarsa Anuncia suka ɗauke ta zuwa Zaragoza a sanyin bara, shi kaɗai ya rage a garin. Malam ya tafa hannu ya ce mun sami wurin zuwa.

Da na kira Kaka ban ɓoye masa komai ba. Na ce, "Malaminmu yana so mu zo mu ga garin da ya zama kufai."

"Kufai?" in ji shi. "To ni kuma mene ne, fatalwa?"

"Haka dai suke cewa a makaranta, Kaka."

"Su nawa ne?"

"Mota guda, babba."

Can ya ce, "Kawo su. Su zo su gani da idonsu."

Wannan amsar ta tsaya mini a rai. Mama ta daɗe tana fama da shi ya dawo wurinmu, har ta gyara masa ɗakin da muke zuba tarkace, wanda tagarsa ke kallon bangon wani gidan. Amsarsa kullum ɗaya ce, ba a barin gari yana da rai. Wannan maganar ce take riƙe da shi, ita ce take tashinsa da safe. Na taɓa ganinsa a Madrid lokacin da ya zo ganin likita, kwana kaɗan ya yi ya koma kamar rigar da aka rataye aka manta da ita. Saboda haka abu ɗaya nake roƙo a wannan tafiya: kada a nuna masa garinsa ya mutu, har ya yarda.

Da muka bar babbar hanya, gidaje suka ƙare, ƙasa ta buɗe. Gonakin alkama ne hagu da dama, an riga an girbe su, babu ko mutum ɗaya a ciki. A kan tuddai manyan fankokin nan masu ba da wuta suna ta juyi su kaɗai. Jefi-jefi mu wuce ƙauye: coci, sheƙar shamuwa a saman hasumiya, benci a bakin hanya babu mai zama. Ni na san kowace kwana ta hanyar nan, na san inda warin gidan aladu zai shigo, na san dutsen da Baba yake tsayawa in yi amai ina yarinya. Babu wanda zan faɗa wa, sai na jingina kaina da gilashi ina faɗa wa kaina.

A bayan mota kuwa biki ake yi. Borja, mai bakin ajinmu, ya kunna waƙa suna amshi, ana ta miƙa ledar gyaɗa daga kujera zuwa kujera. In ta iso layina sai ta yi tsalle ta wuce, tun da babu wanda zai karɓa ya miƙo mini.

"Nuria," Borja ya ɗaga murya, "akwai wuta a garin naku, ko mu tsaya mu sayi kyandir?"

"Akwai," na ce.

"Ruwa fa?"

"Akwai. Mahaukaci ne kawai babu, shi ma ga shi muna kai musu."

Aka kwashe da dariya, har shi. Na zaci daga nan hira za ta ɗore, na ma ɗan juyo da jikina. Amma waƙar da suke so ta shigo, suka koma kanta, ni kuma na koma kan gilashina. Na ji kunyar juyowar da na yi.

Mun tsaya shan kofi a wani gidan mai. Jimena ce ta zo wurina, ita ce mai kyamara, Malam ya ɗora mata ɗaukar fim ɗin da za a nuna a ƙarshen zango. Doguwa ce, mai saurin magana, kuma ba ta da mugunta ko kaɗan, abin da ya fi ba ni haushi ke nan daga baya.

"Ƙawata, faɗa mini gaskiya," ta ce. "Akwai gidajen da suka rushe? Irin waɗanda bishiya ta fito ta rufinsu?"

"Akwai biyu a ƙasan gari."

"Kai, madalla," ta ce, ta dafa kafaɗata ta wuce.

Daga nan hanya ta fara hawa, ta ƙanƙance, kwalta ta zama faci a kan faci. Waya ta daina kamawa, sai mutane suka fara kallon waje don babu abin kallo a hannu. Malam ya ɗauki makirfo ya tsaya kusa da direba.

"Abin da za ku gani, ba a littafi kuka saba ganinsa ba," ya ce. "Ku buɗe ido, ku kuma buɗe kunne, domin shirun da za ku ji shi ne darasin."

Bai rufe baki ba muka sha kwanar ƙarshe, ƙararrawar cocin Valdemuro ta tarbe mu.

Na miƙe tsaye ban sani ba. Hayaƙi yana tashi daga dandalin gari. An share layi tas. An ɗaura igiyar shanya daga gidan maƙeri zuwa na Anuncia, riguna suna kaɗawa, na gane biyu daga ciki na marigayiya kakata ne. Kuma kowace taga a garin, daga gidan farko har na ƙarshe, an naɗe asabarinta zuwa sama.

A garinmu asabarin taga ba abin wasa ba ne. Na katako ne, kore, yana rataye ta waje, ana jan igiya a naɗe shi. In gari ya waye, kafin ka ɗora kofi, kafin ka wanke fuska, shi za ka fara ɗagawa don maƙwabci ya san ka tashi lafiya. In hantsi ya yi naka yana ƙasa, za a zo a buga ƙofa, in ba ka amsa ba a ɓalle ta. Asabari a sauke da rana a lokacin sanyi, ko dai mai gidan ya bar gari ko ya bar duniya. Tun ina yarinya nake ganin suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda zai tafi sai ya bar wa Kaka makullinsa, ya ce ya riƙa duba masa yoyo. Ashe da waɗannan makullan ya bi gida-gida, shi kaɗai, da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya buɗe garin gaba ɗaya.

Kaka ya sauko daga hasumiyar coci yana haki, da kwat ɗinsa ta zuwa biki da baƙar hularsa, makullan suna ƙara a ƙugunsa. Ya sumbace ni a kumatu biyu, ya riƙe ni ya dube ni.

"Kin rame. Me uwarki take ba ki, takarda?" Sannan ya juya ga sauran da ke saukowa. "Sannunku da zuwa, samari da 'yan mata. Wanne ne malamin? Wannan yaron? To, Malam, ga kufai nan, ka duba da kyau."

Malam ya yi dariyar yaƙe, ya miƙa masa hannu biyu.

A tsakiyar dandali ya hura wuta ya ɗora babban kaskon nan da ake fitowa da shi ranar idin gari, cike da migas. Burodin kwana ne ake yankawa ƙanana a yayyafa masa ruwa a rufe da ƙyalle, washegari a soya da tafarnuwa da kitsen alade. Na san yawan yankan da kasko irin wannan yake ci, na dubi yatsunsa na kawar da kai. Cokula kuwa ya tsinto su ne daga gidajen mutane, babu biyu masu kama da juna. Ya raba wa kowa ɗaya, sai 'yan ajinmu suka jeru a kan katanga suna jiran faranti.

"Me suke jira?" Kaka ya tambaye ni.

"Faranti."

"Faranti? Asibiti suka zo?" Ya ɗaga cokalinsa. "Ku taso. A nan cokali ɗaya ake ɗiba a ja da baya, na baya ya matso. Kai mai dogon wuya, fara."

Borja ne mai dogon wuyan. Ya ɗiba, ya tsaya a wurin yana taunawa.

"Na ce a ja da baya. Ko a gidanku kai kaɗai aka haifa?"

"Wallahi, Baba, ni kaɗai ne."

"Ai ga alama nan."

Aka yi ta dariya. Nan da nan da'irar ta kama juyawa, wannan ya shiga wancan ya fita, ana karo da juna, ana ƙona harshe. Kaka ya fito da salkar giya ya nuna musu yadda ake tsiyaya daga nesa ba tare da baki ya taɓa ba, Borja ya jiƙe rigarsa har ciki. Har Malam sai da aka sa shi ya gwada. Na tsaya a gefe da cokalina ina kallon Kaka yana yawo a tsakaninsu, yana dafa wannan yana zolayar wancan, fuskarsa ta yi ja. Na yi farin ciki sosai, irin wanda na daɗe ban yi ba. Na ce a raina shi ke nan, ya ci nasara, mu hau mota mu tafi.

Sai na hango Jimena da Malam a bakin rijiya, ta nuna masa kyamara tana girgiza kai. Malam ya shafa ƙeya, ya dube ni, ya dubi Kaka. Bai zo wurina ba, kai tsaye wurin Kaka ya nufa.

"Baba Saturio, ban san yadda zan gode maka ba," ya ce. "Sai dai akwai wata 'yar alfarma. Fim muke yi, kuma muna so mu nuna garin yadda yake a ranar da babu baƙi. Ko za a iya sauke asabaran nan na ɗan lokaci? Da shanyar nan. Yaran za su taya ka, ba za ka wahala ba."

Na yi imani bai san abin da yake roƙo ba. A Madrid asabari abin tare haske ne, ka ɗaga ka sauke sau goma a wuni babu wanda ya damu.

"Malam, ba a yin haka," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa, har wasu suka juyo.

"Na ɗan lokaci ne kawai, Noelia."

"Ko na ƙiftawar ido ne, ba a yi."

Kaka ya ɗaga mini hannu. Ya daɗe yana kallon layin, daga sama har ƙasa. Fara'ar tana nan a fuskarsa, amma ta tsaya cak.

"Baƙi ne, 'yar nan," ya ce. "Tun da suka zo ba su roƙi komai ba sai wannan. Kuma malamin bai yi ƙarya ba, haka garin yake." Ya kwance makullan daga ƙugunsa. "Amma ba mai taɓa mini igiya. Ni na ɗaga, ni zan sauke."

Ya fara daga ƙasan layi, muka bi shi a baya. A kowane gida sai ya tsaya, ya kwance igiyar, ya sake ta a hankali, katakon yana sauka yana ƙara. Kuma bai sauke ko ɗaya ba sai ya faɗi mai shi.

"Wannan na Primitivo maƙeri. Yana kwance a maƙabartar bayan coci, shi da matarsa. Wannan na su Fidela, suna Bilbao, sun ce za su zo da rani, ba su faɗi wane ranin ba. Nan makaranta ce, a nan uwar yarinyar nan ta koyi karatu, shi ya sa ta gudu."

Wani ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Gidajen da ke da bene sai ya buɗe ƙofa ya hau, mu tsaya a waje muna jin takunsa, mataki ɗaya a huta, mataki ɗaya a huta. Jimena tana biye da shi da kyamara, tana tafiya da baya-baya, idonta cike da hawaye tana cewa a hankali, "Wannan ya fi abin da muka zo nema." Ni na tattara shanyar da kaina, don kada wani ya taɓa rigunan kakata.

A gidan Anuncia ya fi daɗewa. Gidanta yana kallon nasa, taga da taga.

"Wannan tsohuwar," ya ce, "in na makara ko kaɗan sai ta fito da tsintsiya tana bugun ƙofata, wai ta zo ganin gawa. Yanzu tana hawa na bakwai a benen Zaragoza tana kallon motoci."

Ya sauke. Layin ya yi duhu ya yi tsit, ya koma yadda na san shi. Jimena ta ja da baya har bakin dandali, ta durƙusa, ta duba.

"Saura wancan," ta ce. "Mai tukwanen fure. Shi kaɗai yake ɓata layin."

"Ke, nasa ne fa," in ji Borja, ƙasa-ƙasa.

"Na sani. Yanzu-yanzu zan gama, Baba, ka yi haƙuri."

Sau ɗaya na taɓa ganin wannan asabarin a ƙasa da rana, ranar da aka binne kakata. Na sha gabansa na tsaya a jikin tagar.

"Kaka, wannan kam a'a."

Ya dube ni, ya yi murmushi, ya matsar da ni gefe kamar yadda yake matsar da tunkiya daga bakin ƙofa. Ya kama igiyar.

"Bar ni, Noelia," ya ce. "Dama wa nake ɗaga wa?"

Bai faɗa da ɗaci ba. Ya faɗa ne kamar mutumin da ya daɗe yana neman abu a aljihu, sai yanzu ya tuna bai fito da shi ba. Ya saki igiyar, ya koma gefe don kada ya shiga hoto.

Aka ɗauka. Kowa ya yi shiru yadda Malam yake so, ana jin iska tana kaɗa wani kwano a rufin makaranta. Da Jimena ta ce ta gama, Malam ya dubi agogo ya ce hanya da nisa, direba ba ya son duhu ya same shi a kan tsaunin nan. Suka bi layi suna yi wa Kaka sallama, 'yan mata suna sumbatarsa, Borja ya rungume shi. Da gaske suke yi, duk sun ƙaunace shi. Na ruga na kama igiyar tagarsa zan ɗaga, ya riƙe mini hannu.

"Bar shi. Yamma ta yi, sanyi zai shigo."

"To bari in kwana. Gobe sai in san yadda zan koma."

"Da wace motar? Hau taki, kina da karatu." Ya cusa mini ƙunshin sauran migas a jaka. "Kai wa uwarki. Ki ce mata tafarnuwar ta bana ce."

Da motar ta juya na leƙa ta gilashin baya. Yana tsaye a dandali kusa da kaskon, yana tattara cokula a cikin hularsa. Bai ɗago ba har muka sha kwana.

A hanyar dawowa kujerar kusa da ni ba ta huta ba. Wannan ya zauna ya ce kakana gwarzo ne, wancan ya zo ya tambayi yadda ake yin migas. Kowa ya iya sunana. Ledar gyaɗa ta iso hannuna har sau biyu. Jimena ta zo ta zauna, ta jingina kanta da kafaɗata ta nuna mini hoton ƙarshe, layin gidaje a rufe, rana tana faɗuwa a kansu. Ta ce in faɗi gaskiya, bai yi kyau ba? Na ce ya yi, don ya yi ɗin. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zaman ba, har na gwammace kujerar ta koma babu kowa.

Muna hawa babbar hanya wayoyi suka farfaɗo, motar ta cika da ƙararsu. Tawa ma ta yi ƙara. Mama ce, muryarta cike da murna.

"Noelia, me kuka yi wa kakanki?"

"Me ya faru?"

"Yanzu ya kira ni. Da bakinsa ya ce in zo in ɗauke shi kafin sanyi ya kama. Ya ce in zo da kwalaye, kuma in tambayi 'ya'yan Anuncia wa za a bar wa makullai." Ta yi ajiyar zuciya. "Shekara nawa ina fama da mutumin nan, ke kin gama a wuni ɗaya. Ban san yadda kika yi ba, 'yata, amma na gode. Kina jina?"

"Ina jinki, Mama."

"Kun ci abinci dai ko?"

Na ce mun ci.